Goshin Sallau da Mutanen Cikinsa

Duk wanda ya taɓa sauke kaya a Gaya ya san kan Sallau, ko da bai san fuskarsa ba. Ɗan dako ne, kuma taubashina ne, don uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito. Saboda haka ni ina ce masa bawana, shi ma yana ce mini bawansa, kuma har yau ba a samu dattijon da ya raba mana wannan gardama ba. Ni ne Yazidu tela. Shagona na kallon masallacin unguwarmu, don haka yawancin abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

A Tanda aka haifi Sallau, a gidan manoman shinkafa. An sa shi lakkol, wato makarantar boko, kamar sauran yara, amma ba a je ko'ina ba malaminsu ya lura cewa ba abin da ke shiga kan yaron nan, kuma ba abin da ba ya zama a kansa. Shi ke ɗauko benci, shi ke ɗauko tulun ruwa, har allon bango in za a yi karatu a gindin itace. Da ya tasa sai ya shigo Gaya ya kama dako a tasha. Lokacin da aka rufe gadar Malanville ta kan iyaka, kaya suka koma bin kwale-kwale, shi ma ya bi su bakin ruwa. Na ga buhun shinkafa a kansa, na ga dilar gwanjo, na ga injin markaɗe. Na ga babur a kansa, mai babur ɗin yana biye da shi riƙe da makulli. Akwai ranar da wata hajiya ta ce ita ƙafarta ba za ta taɓa laka ba, Sallau ya zaunar da ita cikin daro, ya ɗora a ka, ya kai ta har bakin titi tana waya da ɗiyarta.

Ya raba kansa gida biyu. Yakan ce tsakiyar kai ta mutane ce, goshi kuma na Allah. Wurinsa a masallaci sananne ne: sahun farko, bayan liman, ɗan dama kaɗan, inda goshinsa ya yi wa tabarma gurbi. In kiran salla ya same shi da kaya a ka, a ƙofar masallaci zai sauke, mai kaya ya jira ko ya shigo a yi tare da shi.

Ciki ne bai ɗauka a bakin komai ba. Cewa yake ciki ba shi da sana'a sai roƙo. Da safe burodi da kafe, da rana garin rogo da sukari, in wani wuri ya motsa a jikinsa sai ya tare mai tallan magani a faranti ya haɗiye kafso biyu masu ja da rawaya, bai taɓa tambayar sunansu ba. Matarsa Bibata, mutuniyar bakin kogi, ta iya kwaɗon zogale da ƙuli, wanda muke ce wa kopto, har maƙwabta na aiko kwano. Sallau kuwa in ta ajiye masa sai ya ce a kai wa akuya, ita ta san darajarsa.

Abin da ya kayar da shi ba kaya ba ne, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Suna ya je Bengu, ba komai a kansa sai hula. Ya zauna gindin giginya, zafi ya dame shi, ya cire hular yana fifita da ita. Ɗan giginya nunanne ya taso daga can sama ya sauka daidai inda babur ya zauna lafiya. Waɗanda ke wurin sun ce bai faɗi nan da nan ba. Sai da ya dubi jama'a ya tambayi ko auren wa ake yi, sannan ya kife. Da ya farfaɗo abin da ya fara tambaya shi ne ko kayan sun isa hannun mai su.

Aka kawo shi gidan likita a Gaya, wurin Zeinabu, babbar ma'aikaciyar jinya da muke kira majo. Ta duba idanunsa, ta sa shi ya bi yatsanta da kallo, ta ce ƙashin kai bai fashe ba, ƙwaƙwalwa ce ta girgiza a ciki. Ta ce ya huta a ɗaki mai duhu, ba kaya, ba hayaniya, in ya fara amai a dawo da shi da gaggawa. Mu kuma muka fahimci hutu yadda muka saba fahimtarsa, wato unguwa kaf ta tare a ɗakinsa tana yi masa sannu.

Bai jima ba ya lallaɓa ya zo la'asar, ya tsaya a wurinsa. Tsayuwa ta yi, ruku'u ya yi da ƙyar. Da aka tafi sujada sai ƙasa ta juya masa. Ya kife ta gefe a kan Siddo mahauci, Siddo ya kife a kan na kusa da shi, haka har bango, liman ya idar da salla da rabin sahu. Bayan sallama liman ya kira shi gefe ya ce addini bai matsa wa mara lafiya ba, ya zauna ya yi ishara da kai, ladansa cikakke ne. Aka samo masa wata jarka rawaya aka ajiye can baya kusa da ƙofa. Siddo kuwa ya ɗan gusa ya tsaya a gurbin Sallau, ya ce ajiya yake yi masa.

Da yamma Sallau ya shigo shagona ya zauna bisa tarin yadi, ya rufe ido saboda haske.

"Bawana," ya ce, "na san ya halatta, Malam bai yi ƙarya ba. Amma duba min nan. Tun ina yaro nike ɗaukar kayan mutane bisa kan ga. Wuri guda ɗai nike sauke shi. Yanzu an ce in riƙa nuna ƙasa da haɓa daga nesa."

Na so in tsokane shi, don aikina ke nan, amma na fasa. Tausayinsa ya kama ni sosai. Ban san sa'ad da na ce masa zai sake kai goshinsa ƙasa ba, alhali ban san ta yaya ba.

Mutanen Gaya kuwa sun san ta yaya. A wurinmu abin da ya yi ciwo irinsa ake ba shi. Wanda ya karye a kai masa ƙafar saniya, wanda ya bugu a kai, to, sai kai. Aka fara da kan rago. Kan akuya ya biyo baya. Dangin Bibata masunta suka turo kan giwan ruwa cikin daro. Abokan aikinsa na bakin ruwa suka haɗu suka kawo kan bijimi, mutum biyu ke riƙe da tukunyar. Wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, da Sallau ya taɓa yi wa alheri ya zo da kan raƙumi, har da haƙoransa. Kuma mai dubiya ba ya ajiye kwano ya tafi. Zama zai yi ya zuba maka ido har sai ya ga ka fasa ƙashin ka kwashe ƙwaƙwalwar, don ita ce maganin. In ka ce ka ƙoshi, ka raina shi ke nan, kuma maganar za ta kai Tanda kafin magariba.

A rumfar Siddo sai ka ga raguna rataye, kawunansu an saye tun suna da rai. Sallau ya fara cewa shi bai zargi kowa ba, amma abin mamaki ne a ce mutum guda ke riƙe masa wuri a sahu kuma shi ke sayar da maganinsa.

Sai ciki ya rufe. Ya rufe ruf, ba shiga ba fita, ko da yake shiga dai ana yi masa dole. Ya kumbura ya yi tauri, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji amo. Sallau ya ƙara yawan kafso, abin ya ƙara lalacewa. Kan da ake ta yi wa hidima kuwa bai gode ba. Haske na soka masa ido, barci ya ƙaurace, mutumin da bai taɓa ɗaga wa Bibata murya ba ya yi mata faɗa don tana tankaɗe da ƙarfi. Rannan na same shi yana hawaye, na tambaye shi dalili, ya ce shi ma jira yake a gaya masa.

Ni da Bibata muka sa shi tsakiya muka mayar da shi wurin majo. Ta saurari ƙorafin kai har ƙarshe, sannan ta tambaye shi rabonsa da bayan gida.

Sallau ya dube ni, ya dubi matarsa. "Madam, bisa anka buge ni. Giginya ba ta san ƙasa ba."

"Na ji. Rabonka da bayan gida?"

Bibata ce ta amsa, ta kuma lissafa kawunan, tun daga rago har raƙumi. Majo ta ajiye alƙalaminta. Sai ta ce ciki da ƙwaƙwalwa ba baƙin juna ba ne. Akwai jijiya da ta haɗa su, saƙo na hawa yana sauka dare da rana. In kai ya bugu, ciki kan rikice, in ciki ya rikice kuma ba ya barin kai ya huta. Ta ce masu bincike ba su gama gane abin ba tukuna, amma shi dai nasa a fili yake.

"Kai mutumin bakin ruwa ne," ta ce. "Ka ga yadda garin ga ya koma da anka rufe gada. To, haka cikinka da kanka suke yanzu."

Wannan ya shiga kan Sallau, abin da malamin lakkol bai taɓa samu ba. Sai ta ƙara da cewa a cikin hanji akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu amfani, su ke taya mutum sarrafa abinci, kuma suna da hannu a saƙon da ke hawa sama.

"Cikin wa?"

"Cikin kowa. Har naka."

"Su nawa ne?"

"In ka haɗa mutanen Gaya da na Malanville da na Kamba, ba su kai ko ƙofar gidansu ba."

"Tun yaushe suke nan?"

"Tun kana goye."

"Kuma ba wanda ya gaya mini," in ji Sallau, yana kallon Bibata kamar ita ta ɓoye su.

Majo ta ce abincinsu ganye ne da wake da hatsi da nono mai tsami, ba kitsen kai ba, kuma waɗannan kafso da yake haɗiya ba tare da an rubuta masa ba, kashe su suke yi, na kirki da na banza gaba ɗaya. Sallau ya ɗora hannu bisa cikinsa.

"Ashe baƙi nike da su. Ban taɓa ba su abin kirki ba, kuma kullum ina aika musu guba. Madam, waɗanda sunka mutu, ana yi musu sadaka?"

Ta ce ya bar matattu ya kula da waɗanda suka rage. Ta ba shi maganin da zai buɗe hanya, ta ce ya sha ruwa da yawa, ya sha kindirmo da fura, ya ci kopto da wake da muruci, ya riƙa ɗan takawa da sanyin safiya. Ta ja masa kunne cewa ba ta ce kindirmo na warkar da kai ba, hutu da lokaci ne kan gaba. Abin da ta ce shi ne kada ya ɗora wa kansa ciwo na biyu daga ƙasa.

A kan muruci aka yi rigima, domin muruci tsiron giginya ne, Sallau ya ce ba zai ci ɗan wadda ta nemi ransa ba. Sai da Bibata ta ce ai wannan ita ce ramuwa, tun da kowane murucin da ya ci giginya guda ce ba za ta girma ba. Daga ranar yake cin sa da mugunta, yana tauna yana harara wajen Bengu.

Saura masu dubiya. Bibata ta yi dabara, ta je famfo ta sanar wa mata cewa ciwo ya bar kai ya sauko ciki, da tunanin kawuna za su tsaya. Sun tsaya kuwa. Washegari aka fara sallama da tumbi da hanji, cikin romo mai yaji da mai na yawo a sama. Siddo ya daina jefa wa karnuka komai. Bibata ta shigo shagona ranta a ɓace, gyalenta a hannu.

"Yazidu, kai taubashinsa ne ko ba kai ba ne?"

Na ce ni ne ubangijinsa ma.

"To, zo ka yi aikinka."

Nan take na gane. A al'adarmu taubashi na iya fizge loma daga hannun taubashinsa a gaban kowa, kuma duk wanda ya yi fushi shi za a yi wa dariya. Mara lafiya ba shi da ikon ƙin abincin dubiya, amma ba wanda ya ce ba za a iya ƙwace masa ba. Na kwashe keken ɗinkina na kafa shi a zaurensu. Duk kwanon da ya shigo, Sallau zai yi godiya, ya yi bismilla, ya miƙa hannu, ni kuma in janye kwanon in ce bawa ba ya ci gaban mai shi. Mai dubiya ya yi dariya, ya zage ni, ya zauna ya ga na cinye tas, ya tafi ransa fari yana cewa zumunci bai mutu ba.

Da farko na zaci aljanna ce ta sauko mini a zaure. Ba a daɗe ba na fara jin sallama gabana na faɗuwa. Na ci tumbin da ban san iyakarsa ba, na ci hanjin da in an miƙe shi zai kai Karakara, har da kan wani bunsuru da labarin saukowar ciwo bai kai wa mai shi ba. Daga ƙarshe ni ma sai ga ni gaban majo riƙe da ciki, tana tambayata ko ni ma giginyar ce. Har gobe ba wanda ya zo mini dubiya, kuma na gode Allah.

Shi kuwa bawan nawa yana bayan labule da ƙwaryar kindirmon da Jumma Bafulatana ke kawo masa kowace safiya. Kafin ya kai baki sai ya sunkuya ya yi gaisuwa: "Mutanen ciki, kun kwana lahiya? Ku yi haƙuri da abin da ya wuce, ga hura nan tahe." Ranar da cikin ya fara ƙugi ya sa aka dakatar da daka, ya ce a yi shiru suna magana. Ranar da hanya ta buɗe kuwa, ya fito daga bayan gida yana takawa a hankali kamar wanda ya sauka daga doguwar tafiya, maƙwabta suka shigo barka.

Sannu a hankali barci ya dawo. Ya fara zama a tsakar gida ba tare da rufe ido ba. Ya taka har bakin ruwa ya gaisa da abokan aiki, wata rana ya dawo da daro a ka, ba komai ciki, yana tafiya da shi kamar ango. Ba zan rantse ko mene ne ya yi aikin ba, ko hutu, ko kindirmo, ko lokaci, ko cikina da na sadaukar. Sai dai har lokacin yana kan jarkarsa a masallaci. Majo ta ce ya gwada sujada a gida kusa da bango, ya ƙi, ya ce inda ya faɗi nan zai tashi. Amma ni ya gaya mini gaskiya, tsoro yake ji. Ya ce muddin bai gwada ba yana da sa rai, in ya gwada ƙasa ta sake gudu, bai san abin da zai yi da sauran ransa ba.

Wata la'asar, bayan ya ci wake da kopto da rana, na ga ya wuce jarkar bai ko dube ta ba. Ya ratsa sahu har gaba. Siddo ya dube shi, sannan ya ja da baya zuwa sahu na biyu. Ni na matsa na tsaya a damarsa, don in za a faɗi a faɗo kaina. Liman ya tayar. Muka yi ruku'u, ina jin numfashinsa, bai yi tangaɗi ba. Muka ɗago. Muka tafi ƙasa, gwiwoyinsa suka sauka, tafukansa suka sauka, goshinsa saura kamar taƙi guda ya taɓa gurbinsa.

A nan mutanen ciki suka yi magana. Ba a ɓoye suka yi ta ba, kuma ba gajeriya ba ce.

Alwala ta karye tun goshi bai kai ba. Sallau ya miƙe, ya kama hancinsa yadda aka koya mana, don a zaci haɓo ne, ko da yake har mai shayin ƙofar masallaci ya san ba haɓo ba ne. Ba wanda ya yi dariya, salla ake yi, sai dai kafaɗu da yawa sun yi rawa. Siddo ya tako ya cike gurbin, yadda ya kamata a yi. Ni kuwa zuciyata ta ɓaci ƙwarai. Na ce a raina shi ke nan, kunya ba za ta sake barin sa ya tako nan ba.

Ana sallama na fita da sauri. Ba ya wurin alwala, sai butar da ya yi amfani da ita a jiƙe. Can bayan takalman mutane na hango shi, a kan yashi tsura, ba tabarma, shi kaɗai, goshinsa a ƙasa. Na tsaya. Jama'a suka fito suka tsaya bayana, ba mai neman takalminsa. Sujadar ta yi tsawo har Siddo ya ce a ɗaga shi, ƙila ya suma. Na riƙe hannun Siddo. Ina ganin bayan Sallau na girgiza, ban san ko dariya ce ko kuka ba, wataƙila duka biyun ne.

Ya ɗago da kansa, ya zauna daram. Ya koma, ya sake ɗagowa. Haka ya cika raka'o'insa ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, ya yi sallama. Fuskarsa a jiƙe take, yashi ya manne masa a goshi. Ya nemo ni da ido cikin mutane.

"Bawana," ya ce, "ƙasa na nan inda na bar ta."

Na kai hannu zan share masa yashin, ya kaɗe hannuna. Da shi ya ratsa kasuwa har gida, don Bibata ta gani.